Ƙullin Zanen Kaka

"Wannan fa mene ne?"

"Rana ce."

"Gizo-gizo ne."

"Na ce maka rana ce!"

"To ranar taki ƙafafu gare ta, baiwar Allah. Ga su nan sun miƙe ko'ina. In na ba yaro wannan shafin, jifa zai yi da littafin ya tafi neman takalmin da zai kashe ta."

Masu cewa so da murmushi yake farawa su je can su ƙarata. Na Auta da Alƙali da gizo-gizo ya fara.

Ita Auta tela ce, kuma ba ƙaramar tela ba. In ta ɗinka miki fure a wuyan riga, sai kin kai hanci kin sunsuna. Shi ya sa da aka ɗauke ta aiki a wurin da ake haɗa littattafan yaran da ba sa gani, ta shigo kai a sama, almakashinta na rataye a wuya, tana ganin yau za su san an kawo gwana.

Shi kuwa Alƙali ko ƙofar kotu bai sani ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa, don ba shafin da zai fita daga ɗakin nan sai ya bi ta ƙarƙashin yatsunsa. Makaho ne tun haihuwa. Allah ya hana shi ido, sai ya ba shi fuskar da ke hana masu ido sakat. Shi kaɗai ne bai san ɓarnar da yake yi ba.

Ya buɗe shafi na gaba, ya bi shi da yatsa a hankali.

"Wannan bawan Allah kuma wa ya sare masa hannu?"

"Gefe ya juya! Ɗayan hannun yana ta baya!"

Ya juya shafin ya shafa bayansa. "Babu shi a nan ma."

Matar da ke buga injin ɗigon rubutun makafi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Wannan ɗan akwatin da ke kusa da kaza fa?"

"Gida ne... yana nesa ne, shi ya sa ya ƙanƙance."

"Nesa? Yatsa ɗaya ne tsakaninsu. In kazar nan ta ji yunwa, da gidan da mutanen ciki za ta haɗiye."

Idon Auta ya kawo ruwa. Ta fizge littafinta.

"Kai ai ba ka san kyau ba!"

Injin ya tsaya. Ita kanta ta ji maganar ta fita da ƙaya, amma ta riga ta fita.

Alƙali ya yi ɗan murmushi.

"Na sani mana. Da kika shigo kika yi sallama, na ji kyau. Daga baya ne kika ɓata shi da faɗa."

To fa! Ta rasa ta zage shi ne ko ta ba shi haƙuri. Sai ta zauna ta fara warware ƙafafun gizo-gizonta, tana ƙunƙuni.

Ɗakin aikin dogo ne, taga ɗaya gare shi babba. Tebur a tsakiya, kwalaye jere a bango: na ƙyallaye, na maɓallai, na guntun fata, soso, igiya, gashin kaza, duk tarkacen da mai hankali zai zubar. Ko'ina warin gam. A lungu injin nan yana kwas-kwas-kwas, yana fito da farar takarda mai kauri da ƙananan ƙuraje a jikinta. Wai ƙurajen nan su ne rubutu. Mai ido ya kalla ya ga takarda ta kamu da ƙyanda, makaho ya shafa ya kwashe da dariya don an ba shi labari.

Doka ɗaya ce a wurin, kuma Alƙali ne ya kafa ta. In an kawo yara daga makaranta don su gwada sabon littafi, a sa shafi a ƙarƙashin hannun yaro, kowa ya kama bakinsa. Ba a faɗa. Ba a tari. Ba a cewa "abin nan da ke kuka da asuba". In yaro ya gane da kansa, shafi ya ci. In bai gane ba, laifin shafi ne, a warware.

Ranar farko da Auta ta ga haka, sai da ta ciji leɓenta don kar ta yi magana. Wata yarinya ta daɗe tana shafa kyanwar da ta ɗinka, can ta ce, "Takalmi ne?"

Da yaran suka tafi, Alƙali ya ce, "Mai Allura, kawo ɗankwalinki."

"Ka yi me da shi?"

"Ki ɗaure idonki. Idon nan naki shi ke cutar ki. Da kin kalla ya ce miki ya yi, sai ki yarda."

Haka ta koma aiki ido a ɗaure, kamar mai wasan ɓuya. Ta gano kyanwa ba kunne da gashin baki ba ce, laushi ce da jela mai tsawo. Akuya sai da ƙafa huɗu cif, a ware su yatsa ya ƙirga. Itace sai da ɓawo na gaske. Ta soke yatsunta har ta daina jin zafi. Shi kuma yana gefe, in ta yi daidai ya ce "uhm", in ta kauce ya ce "wannan kuma wane aljani ne?"

Rana ce kawai ta gagare ta.

Ta yi ta zagaye, ya ce faranti. Ta yi ta da ulu, ya ce hular jariri.

"To kai yaya ka san rana?" ta tambaye shi cikin gajiya.

"Abin da ke kama mini kunci in na fito. Ban san tana da siffa ba sai da kuka faɗa, kuma har yau ban gama yarda da ku ba."

Auta ta tafi gida da maganar. Bayan 'yan kwanaki ta zo da shafi, ta ajiye shi a bakin taga ba ta ce wa kowa komai ba. Sai da hantsi ya ɗaga ta ɗauko ta tura masa.

Baƙin ƙyalle ne kawai, mai kauri, ba ado ba komai. Ya ɗora tafinsa. Ƙyallen ya sha rana ya yi ɗumi kamar bayan jariri.

Ya daɗe bai ɗaga hannun ba.

"Mai Allura..."

"Na'am?"

"Rana ce."

"Ka tabbata? Ba gizo-gizo ba?"

"Rana ce," ya sake faɗa, muryarsa ta canza. "Tun ina yaro ake ba ni littafi, ba wanda ya taɓa sa mini ita a ciki."

Daga ranar Mai Allura ta koma Allurata. Ya ce tun daga ƙofa yake gane ta da ƙarar almakashin wuyanta, kuma in ta makara zuciyarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ita kuma ta fara shafa turare don zuwa ɗakin da ke warin gam. Matar injin tana gani tana kwas-kwas abinta, kunne a miƙe.

Sai dai akwai abin da Auta ba ta gaya masa duka ba, akwai kuma wanda ba ta gaya wa uwarta ba.

A gida su uku ne: ita, da Inna, da 'yar yayarta da ta rasu ta bari tun tana tatata. Aku ake ce wa yarinyar, don in ta buɗe baki da safe sai barci ke rufe shi. Aku ba ta gani. Likitoci sun faɗa, sun sake faɗa. Amma a gidan Inna ba a faɗa. A gidan Inna, Aku "tana ɗan gani, idon ne bai gama buɗewa ba".

Kuma kar a yi saurin zagin tsohuwa. Ranar da 'yarta za ta cika, hannun Inna ta riƙe ta ce, "Inna, idon yarinyar nan... ki kula da shi." Inna ta ce, "Zai buɗe, na yi miki alkawari." To yanzu ta ce bai buɗe ba, ta gaya wa wa? Wadda aka yi wa alkawarin tana ƙasa.

Sai Inna ta riƙa sayo littattafai masu launi, ita da ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ta zaunar da Aku, ta kara mata shafi a fuska.

"Ƙawata, me kika gani?"

"Umm... wani abu."

"Dubi dai da kyau. Abin nan... mai ba mu madara..."

"Saniya!"

"Kun ji ko! Wa ya ce ba ta gani?"

Aku ta haddace littattafan da ƙarar shafinsu da numfashin kakarta. In ta canka, Inna ta yi kwana biyu tana fara'a. Yarinya ƙarama ta ɗauki aikin faranta wa tsohuwa, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Don Aku Auta ta nemi aikin nan. Amma abin da ta ce wa Inna shi ne tana ɗinki a wurin masu littattafai. Ba ta yi ƙarya ba. Gaskiyar ce ta yanke wa hannu ɗaya, irin mutumin shafinta.

Da magana ta yi nisa, Alƙali ya ce zai zo ya gaida Inna.

"Ka bari tukuna..."

"Har yaushe, Allurata? Kunyata kike ji?"

"Haba! Wallahi ba haka ba ne. Sai dai in ka zo, don Allah, duk abin da ka ji ka yi shiru."

Ya yi dariya. "Ni za a koya wa shiru? Ni na kafa dokar."

Ya zo da yamma, fes da shi, sanda na ƙwas-ƙwas a dakali. Inna ta dubi sandar, ta dubi 'yarta, fuskarta ta rufe kamar an ja labule. Amma ta shimfiɗa masa tabarma, ta amsa gaisuwa, ta sa aka kawo ruwa. Tsohuwa ce mai mutunci ko a cikin fushi.

Sai ga Aku ta fito tana bin bango.

"Anti, waye mai ƙafa uku?"

Alƙali ya fashe da dariya. "Ni ne. Ta ukun aro na yi."

Kafin a hana ta har ta iso, hannunta ya sauka a kan agogonsa. Ya danna, murfin ya buɗe, ya ɗora yatsanta a kan 'yan hannayen.

"Kai! Agogonka tsirara yake!"

"Don in taɓa in san lokaci."

"Me ya sa ba ka dubawa?"

"Ba na gani."

Inna ta yi gyaran murya. "Ƙawata, zo ki nuna wa baƙo littafinki, ya ji yadda kike..."

Amma Aku ba ta motsa ba. Yatsanta na kan agogon.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Kuma ba a yi maka faɗa?"

"Wa zai yi mini? Ba laifi na yi ba."

Yarinyar ta matso kusa da kunnensa, ta yi irin raɗar yara, wadda ake ji har ƙofar gida.

"Ni ma. Ko kaɗan. Amma kar ka gaya wa Kaka, kuka take yi."

Ke dai bari.

Inna ta miƙe.

"Tashi ka fita."

"Inna!"

"Na ce ya fita! Shekara da shekaru ina lallaɓa idon yarinyar nan, ka shigo yau ka rufe mini shi da bakinka? Ashe wurin da kike zuwa ke nan? Ashe makauniya kike shirin mayar mini da jika?"

Ita da kanta ta faɗi kalmar da ta hana kowa faɗa. Ta ji ta a bakinta, ta ƙara harzuƙa.

Alƙali ya laluba sandarsa, ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna." Ya fita.

Inna ta juyo kan Auta. "Ki zaɓa. Ko shi da ɗakin ƙurajensa, ko ni. In kika sake taka wurin nan, ki nemi wata uwar."

Washegari Auta ta je ta kwaso kayan ɗinkinta. Ta same shi zaune, hannu a kan tebur, ba ya shafa komai.

"Na ce ka yi shiru!"

"Na yi. Yarinyar ce ta gaji da yi."

"Da ka ce kana ɗan gani! Me zai rage ka?"

"In yi wa yarinya ƙarya a kan abin da ni da ita muka fi kowa sani?" Ya girgiza kai. "Allurata, ina son ki kamar raina. Amma ba zan raba ki da uwarki ba, ba kuma zan taya ku wannan wasan ba. Ki je. Ina nan inda kika bar ni. Dama ba yawo na cika yi ba."

Tana kuka tana dariya ta fita, almakashi na kaɗawa. Matar injin ta ce ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace, sannan ya tambaye ta ko an rufe taga ne, ɗakin ya yi sanyi.

Gida kuwa ya lalace. Aku ta ɗauka ita ta jawo komai, sai ta ƙara ƙaimi. Ta daina bin bango.

"Kaka, ina gani! Wallahi yau ina gani sosai!"

Ta saki hannu ta taho da gudu don ta nuna, ta haɗu da bakin ƙofa. Goshi ya fashe. Ana wanke mata jini tana cewa, "Na gan ta fa, Kaka, mantawa na yi... kar ki yi kuka."

Auta ta dubi uwarta. Inna ta kawar da kai, tana murza ƙullin bakin zanenta, inda take ɗaure makullin ɗaki.

A ranar Auta ta yanke shawara. An hana ta zuwa wurin aiki, ba a hana ta ɗinki ba.

Ta fara da fuskar Inna: ido, hanci, 'yar tsagar murmushi. Ta yi kyau har ta so ta nuna wa maƙwabta. Sai ta rufe ido ta shafa, ta ji muryarsa a kunnenta: wannan kuma wane aljani ne? Ta warware.

Da Inna ta fita unguwa, Auta ta ɗaure ido da ɗankwali, ta durƙusa a kan gwiwa daidai tsayin Aku, ta bi gidan da hannu. Ashe wani gida ne daban a can ƙasa! Sakatar da ke cizon yatsa. Labule mai ƙwallaye a baki. Kofin da hannunsa ya ɓalle aka ɗaure da waya.

Daga nan kaya suka fara ɓacewa.

"Auta! Ina matajina mai karyayyen haƙori?"

"Ban gani ba, Inna."

"Wa ya yanke mini bakin labule? Ke, har da zanena! Tsohon zanena an gutsure masa kusurwa! Wannan wane irin ɓarawo ne, ya bar rediyo ya saci sakata? Ko dai mahaukaci ne?"

"Sai addu'a, Inna."

Abu ɗaya ne Auta ta daɗe tana juyawa kafin ta ɗauka. Yana can ƙasan akwatin Inna, naɗe a ƙyalle. Ta ɗauka dai.

Da ta gama, ta aika wa matar injin da littafin. Ya dawo da ƙuraje a ƙasan kowane shafi, da saƙon baki daga Alƙali: wai bai sami abin warwarewa ba, kuma abin ya ba shi haushi.

Ran nan da hantsi, Inna na zaune a tsakar gida, Auta ta zo ta durƙusa.

"Inna, alfarma ɗaya nake roƙo. In kin yi mini, ba zan ƙara ambatar sa ba har abada."

"Ina ji."

"Zan ba Aku littafi. Ki zauna ki kalla. Amma kar ki faɗa mata komai. Kar ki yi tari, kar ki yi gyaran murya."

"Ni ce mai tarin?"

"Ke ce, Inna."

Tsohuwa ta harare ta, ta naɗe hannu.

Aka ɗora wa Aku littafin a cinya. Ta ɗaga shi za ta kara a fuska yadda ta saba, tana jiran a ba ta alama. Auta ta sauke shi, ta kama hannunta ta ɗora a shafin, ta saki.

Tari ya taso wa Inna, ta haɗiye.

"Laaa! Sakatarmu ce! Mai cizo! Anti, ya aka yi ta shiga littafi?"

Ta buɗe na gaba da sauri. "Labulen ɗakin Kaka!... Wannan kofina ne!... Wannan mugun matajin ne, Allah ya ƙara, an kama shi!"

"Ga ɓarawona," in ji Inna ƙasa-ƙasa.

"Inna, shiru."

Shafi na gaba guntun zane ne, an ƙulle bakinsa da ɗan makulli a ciki. Hannun Aku na sauka a kai ta ƙyalƙyale.

"Kaka ce! Wannan Kaka ce!"

Ta damƙe ƙullin. "Nan nake riƙewa in za mu fita. In tana murna sakwa-sakwa take ɗaure shi. In ta murza shi ya yi tauri, to kuka za ta yi, sai in ce na ga saniya."

Inna ta dubi hannunta. Yana kan ƙullin, yana murzawa. Ta saki kamar ta taɓa wuta.

Aku ta juya shafi. Awarwaro ne siriri, an ɗinke shi a jikin yadi, gefe ɗaya ya lotsa.

Inna ta zabura. "Auta! Wa ya ba ki..."

"Inna, kin yi alkawari."

Yatsun yarinyar suka zagaya shi. Suka tsaya a lotsawar. Suka koma, suka sake tsayawa.

"Wannan..." ta ce a hankali. "Sanyi gare shi in ya taɓa mini wuya. Mai shi tana goya ni, tana bubbuga ni, yana ƙara kaɗan-kaɗan. Nan wurin nake sa haƙori." Ta ɗago. "Kaka... Mamata ce ko?"

Shekarun nan duka Inna na kara mata hoton uwarta a fuska tana cewa ga mamarki, yarinya na cewa na gani. Ashe uwar tana nan a ajiye a yatsunta, ba wanda ya taɓa tambayar su.

Inna ta rushe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Ta jawo jikarta ta ƙanƙame.

"Ita ce, ƙawata... ita ce! Ki yafe mini... na wahalar da ke!"

"Kaka, kar ki yi kuka, ina ga..."

"Ba kya gani!" in ji Inna cikin shessheƙa. "Ba kya gani, kuma ba laifi kika yi ba. Kin ji? Kar ki ƙara gano mini saniya."

Suka yi kukansu su uku har ya ishe su. Aku ce ta fara gajiya. Hannunta ya koma shafin, ya sauka ƙasa.

"Anti, littafin nan ƙuraje gare shi."

"Rubutu ne. Wannan an rubuta Mama. Na baya an rubuta Kaka."

"Da gaske? Ni ma zan iya karantawa? Da kaina?"

"In an koya miki."

"Wa zai koya mini?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta yi alkawarin ba za ta ambace shi ba, kuma ba ta ambata ba.

Inna ta fyace hanci da bakin zane. Ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta kalli kajin maƙwabta.

"Shi wannan... mai ƙafa ukun. A ina ake samun sa?"

"Yana ƙofar gida tun ɗazu," in ji Aku. "Na ji sandarsa. Sai kai da kawo yake yi."

Auta ta dafe ƙirji. Wallahi ba ta sani ba! Ashe mutumin da ya ce ba ya yawo ya kasa zama, ya zo jin hukuncin littafi.

"Ka shigo mana!" Inna ta ɗaga murya. "Ka tsaya kana ƙwanƙwasa mini dakali kamar maƙeri!"

Ya shigo ya durƙusa. Inna ta ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa.

"Ba wai na huce ba ne."

"Na sani, Inna."

"Yarinyar nan za ka koya wa ƙurajen nan."

"Da yardar Allah."

"Ita kuma waccan, tun da ta daina zuwa wurinku gishiri take zuba mini a shayi. Ka turo manyanka su ɗauke mini ita kafin ta kashe ni."

"Inna!" Auta ta rufe fuska.

Alƙali ya ƙanƙame sandarsa. Sai Aku ta laluba ta kama masa hannu.

"Kaka, hannunsa rawa yake yi!"

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Auta ta koma ɗakin warin gam, suna faɗansu kamar da, sai dai yanzu in ya ce wane aljani ne, ta ce ka bari mu je gida. Aku kuwa ta kama karatu kamar yunwa, yanzu ita ke kara wa Inna littafi tana cewa, "Kaka, shafa nan. Me kika ji? Ban da tari!"

Akwai shafi na ƙarshe a littafin nan, baƙin ƙyalle ba ado. Inna ta ce ita ba ta ga amfaninsa ba, ɓarnar yadi ce kawai.

Amma kullum da hantsi, kafin Aku ta gama wanka, za ka ga tsohuwa ta buɗe shi ta ajiye a bakin taga. Ta tsaya a kai tana gadi, tana taɓawa da bayan hannu, tana korar kaji, har sai ya yi ɗumi.